Gawo da Ƙarfin Ƙasa a Tarihin Noman Hausawa

Tun zamanin da, manoman ƙasar Hausa sun rarrabe gona iri biyu. Akwai wadda a kan noma 'yan shekaru, in ta gaji a bar ta ta zama saura, a tafi a yi sabon sassabe. Akwai kuma gonakin karkara, watau waɗanda ke kewaye da gari, da a ke nomawa kowace damina ba hutu. To, yaya ƙasar jigawa mai rairayi ta jure wa gero da dawa shekara da shekaru ba ta mutu ba? Amsar tana ga abu biyu, taki da itacen gawo.

Sha'anin taki sananne ne, musamman a ƙasar Kano, inda Mortimore da Wilson suka bayyana shi cikin 1965. A wancan zamani, da rani jakuna su kan shiga birni da itace da hatsi, su komo da mangaloli cike da toka da shara da kashin dabbobi. Harawa da kara su shiga cikin akuya da tunkiya, su fito taki, a kai gona. Abin da gona ta bayar, wani sashensa ya kan komo mata. Amma taki ba ya ƙirƙiro kome, juya abin da ke akwai kaɗai ya ke yi. Mai kawo sabon ƙarfi shi ne tsiro irin su wake da gyaɗa, babbansu kuwa gawo.

Masana tsirrai sun daɗe suna kiransa Acacia albida, har cikin 1934 wani Bafaranshe, Auguste Chevalier, ya ware shi, ya sa masa Faidherbia albida. Halinsa ya saɓa wa na sauran itatuwa. Da ruwa ya sauka sai ya kaɗe ganyensa, ya tsaya tsirara duk damina, don haka inuwarsa ba ta danne shuka. Ganyen nan da ya zuba ya kan ruɓe daidai lokacin da gero ke neman abinci. Saiwarsa tana nutsawa ƙwarai, tana jawo ruwa da gishirin ƙasa daga inda saiwar hatsi ba ta kaiwa. Har wa yau a jikin saiwar akwai waɗansu ƙananan halittu da ido ba ya gani, masu kama sinadarin naitirojin daga iska su mai da shi abincin tsiro. Da rani kuwa, sa'ad da daji ya bushe, sai ya yi ganye shar, ya zubo 'ya'ya. Dabbobi su taru a gindinsa, su ci, su kwanta, su bar taki a wurin. Ƙwayar da suka haɗiye ta fita da taushin ɓawo, ta tsiro a wata gona. Ashe itace da dabba da hatsi kowa na riƙe da ɗan'uwansa.

Sarakunan da sun san haka. An ruwaito cewa a Damagaram, zamanin Sarki Tanimun wanda ya rasu cikin 1884, an kafa doka mai tsanani, wanda ya sare gawo a bakin ransa. Tsoron sarki da amfanin manomi suka zo ɗaya, shi ya sa gawo ya yi yawa a gonakin Mirriya da Magarya da Matamaye.

Da mulkin Faransa ya kahu, sai al'amari ya sake. Dokar daji ta 1935 ta sa muhimman itatuwa a hannun hukuma, kuma bayan Nijar ta sami mulkin kai cikin 1960 aka ci gaba da bin wannan tafarki. Nufin dokar kiyayewa ne, amma ga abin da ta haifa. Manomi ya ga itacen da ke gonarsa ba nasa ba ne, in ya sassabe reshe ma'aikacin daji ya ci shi tara. Saboda haka ya gwammace ya kashe shi tun yana toho, kafin ya girma ya jawo masa magana. Malaman gona kuma suka riƙa koyar da a share gona fes, don garmar shanu da noman gyaɗa. Da farin 1973 da na 1984 suka zo, sai suka iske gonaki da yawa fayau, iska na kwashe ƙasa, tana binne shuka.

Gyaran ya faro daga wahala. Cikin 1983 a jihar Maraɗi wani mutumin Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa ƙananan tsirran da a ke sarewa kowace bazara toho ne na kututturan da ke da rai a ƙarƙashin ƙasa. Ba sai an dasa ba. Manomi ya zaɓi toho mafi ƙarfi, ya rage sauran, ya kiyaye shi. Dabarar ta bazu daga gona zuwa gona, a wajen Damagaram kuwa manoma suka koma wa al'adar iyayensu ta renon gawo. Hukuma ta sassauta hannu, dokar daji ta 2004 ta ƙara wa jama'a iko a kan itatuwansu. Masu bincike sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da eka mai yawa, wajen hekta miliyan 5, da itatuwa kimanin miliyan 200.

Sau uku ke nan a ke gwada kiyaye itace guda: da takobin sarki, da tarar ma'aikaci, da kuma barin manomi da abinsa. Na farko ya ci don ya dace da abin da manomi ke so, na biyu ya fāɗi don ya raba shi da itacensa. Gawo bai sake halinsa ba tun zamanin Tanimun, yana zuba ganye da damina, yana ciyad da bisashe da rani. Yawansa ko ƙarancinsa yana ga mai gonar, ko ya ɗauke shi dukiya ko ya ɗauke shi abin jawo tara.