Ramin Korolev

Ramin Korolev wani ƙaton kwari ne a arewacin duniyar Mars, kusa da ƙuryarta ta arewa, wanda faɗowar wani dutse daga sararin samaniya ya haƙa tun zamanin da. Faɗinsa ya kai kilomita 82. An raɗa masa sunan Sergei Korolev, injiniyan rokokin Tarayyar Sobiyet da ya rasu a 1966.

Abin da ya sa ya yi suna shi ne tulin ƙanƙarar ruwa da ke cikinsa, mai kaurin kusan kilomita 1.8, wadda ba ta gushewa ko da bazara. Iskar da ta ratsa kan ƙanƙarar sai ta yi sanyi ta yi nauyi, ta kwanta a cikin ramin kamar murfin tukunya, ta hana zafi shiga. A hoton da hukumar sararin samaniya ta Turai ta fitar a Disamba 2018, daga kumbonta Mars Express, ramin sai ka ce ƙwarya cike da nono a tsakiyar jar ƙasa.

Akwai kuma ƙanƙarar da ke zuwa da yanayi. Da hunturu, iskar kabon dayoksaid takan daskare ta lulluɓe yankin, in bazara ta zo ta koma iska kai tsaye, ba tare da ta narke ba.

Ba a cikin ramin kaɗai ake samun ƙanƙarar ruwa ba: a 2008 kumbon Phoenix na Amurka ya tona ƙasar arewacin Mars, ya tarar da ƙanƙarar ruwa a binne, 'yan santimita kaɗan daga sama.