Albarka: Jirgin Tururi Mai Sunan Hausa

1.0 Gabatarwa

Wannan takarda za ta dubi tarihin wani ƙaramin jirgin ruwa mai aiki da tururi da aka ƙera a Ingila a shekarar 1832, aka raɗa masa suna da Hausa. Za a bayyana yadda aka ƙera shi, da yadda aka jarraba shi a Kogin Kwara, da kuma alaƙar irin waɗannan jirage da farkon nazarin Hausa a boko.

2.0 Asalin Sunan

A shekarar 1830 Richard Lander, baran Clapperton wanda ya rasu a Sakkwato a 1827, ya bi Kwara cikin kwalekwale tare da ƙanensa John tun daga Busa har teku. Da labari ya kai Ingila, sai wani ɗan kasuwa mai suna Macgregor Laird ya shirya jirage biyu domin shiga kogin da fatauci. Babban na katako ne, aka kira shi Quorra, wato Kwara. Ƙaramin kuwa na ƙarfe ne, aka kira shi Alburkah, wato albarka.

Ya kamata ɗalibi ya lura da cewa kalmar ta samo asali daga Larabci, al-baraka. Bahaushe ya haɗe "al-" da gangar jikin kalmar, ya kuma jefar da wasali ɗaya, kamar yadda "al-" ta manne a cikin alƙali da alƙalami da alheri. Ke nan kalmar ta ratso Sahara ta zauna a Hausa, sannan ta haye teku aka rubuta ta a jikin jirgi.

3.0 Ƙira da Gwaji

Tsawon Albarka ƙafa 70 ne, nauyinsa tan 55. An haɗa jikinsa da fallayen ƙarfe da ƙusoshi. A cikinsa akwai tukunyar ruwa da ake hura wa wuta. Idan ruwa ya tafasa, tururi ya tura fistan, fistan ya juya ƙafafu biyu masu filafilai da ke gefen jirgin, su kuma su tura ruwa baya. Amfanin wannan shi ne jirgi ya iya haurawa sama da kogi ba tare da jiran iska ba. Matsalarsa kuwa cin makamashi: dole a riƙa tsayawa ana saran itace a bakin gaɓa.

A wancan zamani mutane da yawa ba su amince jirgin ƙarfe zai jure teku ba. Albarka ya bar Libaful a watan Yuli na 1832, ya iso bakin Kwara lafiya, shi ya sa ake lissafa shi a matsayin jirgin tururi na ƙarfe na farko da ya yi doguwar tafiya a teku. A 1833 ya shiga Binuwai, ya kuma haura Kwara har Raba ta ƙasar Nufe.

Jirgi ya ci jarrabawa, amma mutanensa ba su ci ba. Daga cikin Turawa 48, mutum 9 kaɗai suka tsira, yawancin sauran zazzaɓi ya kashe su. Shi kansa Lander harbinsa aka yi a kogin, ya rasu a tsibirin Farnando Fo a 1834. Sai a 1854, lokacin da Dokta Baikie ya shigo da jirgin Pleiad yana ba mutanensa kwinin kullum, aka yi tafiyar da ba a rasa rai ko ɗaya ba.

4.0 Jirgin Tururi da Nazarin Hausa

A 1841 gwamnatin Ingila ta aiko da jirage uku: Albert da Wilberforce da Soudan. Cikin matafiyan akwai Samuel Ajayi Crowther da wani Bajamushe ɗan mishan, J. F. Schön. Wannan tafiya ma zazzaɓi ya watsa ta, amma Schön ya koma da tabbacin cewa Hausa ce harshen da ya fi yaɗuwa a cikin ƙasa. Ya wallafa littafin kalmomi a 1843, nahawu a 1862, ƙamus a 1876, sai Magana Hausa a 1885.

5.0 Kammalawa

Hanyar da Albarka ya buɗe ita ce kamfanin Royal Niger ya bi daga baya, kuma daga Lakwaja da ke kan kogin Lugard ya fara mulkin Arewa a 1900, kafin a ci Kano da Sakkwato a 1903. Saboda haka kogin da ya kawo nahawun Hausa shi ne ya kawo igwa. Ɗalibin da ke buɗe ƙamus a yau yana da haƙƙin ya tambayi kansa: albarkar da aka rubuta a jikin jirgin nan, ta wane ne?