Man Kanumfari

Man kanumfari mai ne mai ƙarfin ƙamshi da yaji, wanda ake tatsowa ta hanyar turara busassun furannin kanumfari ko ganyensa. Asalin bishiyar tsibiran Maluku ne na ƙasar Indunusiya, amma ana nomanta sosai a Zanzibar da Madagaska. Sinadarin yujinol, wanda ya fi rabin man, shi ke dusashe raɗaɗi, abin da ya sa iyayenmu kan danne haƙori mai ciwo da kanumfari, ko da yake ba ya toshe kogo. Masu magani da ƙamshi kuwa kan ɗiga shi a ruwan zafi a shaƙa, ko su sirka shi da man kwakwa domin tausa.

Muna jan hankalin iyaye cewa tsantsar man na ƙona fata da dasashi, kuma idan yaro ya sha, ko kaɗan ne, yana iya lalata masa hanta.