Ciwon sukari nau'i na ɗaya a jikin yara: Rawar da muhalli da ƙwayoyin cuta ke takawa

Akasarin jama'a sun ɗauki ciwon sukari a matsayin lalurar manya, musamman masu ƙiba. Sai dai akwai wani nau'insa da ke kama yara da matasa, wanda likitoci ke kira nau'i na ɗaya. Shan zaƙi ba ya jawo shi. Garkuwar jikin yaron ce take juyawa ta lalata ƙwayoyin da ke samar da sinadarin insulin a cikin fankiriyas, wata gaɓa da ke kwance a bayan tumbi. Idan babu insulin, sukari yakan taru a jini, jiki kuma ya kasa amfana da shi.

Kafin Frederick Banting da Charles Best su gano insulin a birnin Toronto na Kanada a 1921, yaron da ya kamu ba ya daɗewa a raye. A yau ana rayuwa da ciwon har tsufa, muddin an gano shi da wuri.

Gado kaɗai bai isa ba

Akwai ƙwayoyin halitta da ake gada, waɗanda ake kira HLA, da ke ƙara haɗarin kamuwa. Duk da haka, mafi yawan yaran da suka kamu ba su da ɗan uwa na kusa mai irin ciwon, kuma sau da yawa ɗaya daga cikin tagwaye masu kama ɗaya yakan kamu, ɗayan ya tsira. Ƙasar Finlan ce kan gaba a duniya wajen yawan kamuwar yara, amma a yankin Kareliya na Rasha da ke maƙwabtaka da ita, inda jinin mutanen ya yi kusa, adadin ya yi ƙasa da kusan ninki shida. Wannan ne ya sa masana suka karkata ga muhalli.

Ƙwayoyin cuta da ake zargi

Kan gaba su ne dangin enterobairos, musamman Coxsackie B. Dangi ɗaya suke da ƙwayar shan inna, kuma suna yaɗuwa ta hanyar bahaya, hannu marar tsafta da gurɓataccen ruwa. Binciken TEDDY, wanda aka fara a 2004 da yara sama da 8,000 a Amurka, Finlan, Suwidin da Jamus, ya bayyana a 2019 cewa yaran da ƙwayar ta daɗe a hanjinsu sun fi fuskantar juyawar garkuwar jiki. An kuma daɗe da lura da yawan ciwon sukari a tsakanin waɗanda suka kamu da rubela tun suna cikin mahaifa. Ana ci gaba da nazari a kan hangum, rotabairos mai sa jarirai gudawa, da korona. Har yanzu dai alaƙa aka gano, ba a tabbatar cewa wata ƙwaya ita kaɗai ce sanadi ba.

Abinci da rigakafi

An taɓa zargin madarar shanu da ake bai wa jarirai da wuri, amma gwajin TRIGR da aka fitar da sakamakonsa a 2018 ya nuna sauya nau'in madarar bai rage kamuwa ba. Ana kuma duba tasirin ƙarancin bitamin D da saurin ƙibar jariri.

Allurar rigakafi kuwa an wanke ta. Wani nazari a Danmak da aka wallafa a 2004, wanda ya bibiyi yara fiye da 700,000, bai sami alaƙa tsakanin rigakafin yara da wannan ciwo ba. Nijeriya ta shigar da rigakafin rotabairos cikin jadawalin yara a 2022, kuma hana jariri shi ba ya kare shi daga ciwon sukari.

Ya kamata a lura cewa yawancin waɗannan nazarce-nazarce a kan yaran Turai aka yi su. Wani bincike a Kamaru, Yuganda da Afirka ta Kudu da aka wallafa a 2025 ya gano cewa kusan kashi biyu bisa uku na matasan da aka ce suna da nau'i na ɗaya ba su da alamun juyawar garkuwa a jininsu. Ke nan mai yiwuwa sanadin ya bambanta a nahiyarmu.

Abin da ya shafi iyaye a Kawo

A unguwa mai cunkoso kamar Kawo, inda gidaje da dama suka dogara da rijiya, burtsatse ko 'yan garuwa, zazzaɓi da gudawa ba baƙi ba ne ga yara, musamman da damina. Tsaftace ruwan sha da wanke hannu da sabulu suna rage cututtukan hanji, ko da yake babu wanda zai yi alƙawarin cewa suna hana ciwon sukari.

Babban haɗarin shi ne jinkirin ganewa. Alamomin su ne yawan fitsari, ƙishirwa marar yankewa, rama duk da cin abinci, kasala, da komawa fitsarin kwance ga yaron da ya riga ya daina. Wani lokaci kiyashi kan taru a inda ya yi fitsari. Idan abin ya yi nisa, sai amai, ciwon ciki, numfashi mai zurfi da sauri, sannan suma. A wannan mataki akan ɗauka maleriya ce ko taifot, a yi ta sayen magani a kemis ko a koma jiƙe-jiƙe, alhali kwanaki kaɗan na iya raba yaro da ransa.

Gwajin sukari ɗigon jini ɗaya yake buƙata daga ɗan yatsa, kuma sakamako na fita nan take. Duk wanda ya ga waɗannan alamu ya kai yaron Babban Asibitin Kawo ko asibiti mafi kusa a ranar, ya nemi a auna sukarinsa. Asibitin Koyarwa na Barau Dikko da ke Kaduna da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika suna da sassan kula da yara domin ci gaba da jinya.

Idan an tabbatar da ciwon, allurar insulin ta kullum ce magani, ba a dakatar da ita ko da yaron ya murmure. Zafi yana lalata ta, don haka a ajiye ta a firji ba tare da ta daskare ba. Inda babu tsayayyar wutar lantarki, a sa ta a roba mai murfi a cikin randar ƙasa mai sanyi, a inuwa.