Tsafin Wicca da Cin Gadon Al'adun Wasu: Nazari a Kan Littattafan Jagorar 'Yan Koyo

Tsakure

Maƙalar ta duba yadda littattafan da ake rubuta wa masu fara tsafin Wicca suke cusa ibadun 'yan asalin Amurka cikin darussansu ba da yardar masu su ba. An ɗauki turaren ganyen farin seji a matsayin misali, an kuma gano cewa tushen matsalar shi ne komawar koyon tsafin daga hannun malami zuwa kasuwar littattafai.

1.0 Gabatarwa

Wicca addini ne na girmama wata da ƙasa da juyin lokutan shekara. Mabiyansa na kiran kansu mayu, amma abin ya sha bamban da maitar kama kurwa da Bahaushe ya sani. Gerald Gardner ne ya fito da shi fili a littafinsa Witchcraft Today a 1954, bayan Birtaniya ta soke dokar hana maita a 1951. Ya ce tsohon addini ne da ya tsira a ɓoye, yana jingina da ra'ayin Margaret Murray na 1921. A 1999 Ronald Hutton na Jami'ar Bristol ya nuna cewa sabon haɗi ne, an tsinto shi daga al'adun ƙungiyoyin asiri da rubuce-rubucen Aleister Crowley da tatsuniyoyin Turai. Ke nan tun farko da aro aka gina shi.

2.0 Daga Hannun Malami Zuwa Kanti

A tsarin Gardner ba a shiga sai an shigar da mutum ta hannun wata ƙungiya, kusan kamar girka a bori. A 1988 Scott Cunningham ya wallafa Wicca: A Guide for the Solitary Practitioner, inda ya koyar cewa mutum na iya sadaukar da kansa shi kaɗai. Ƙofa ta buɗe, amma ɗan koyo ya rasa mai gaya masa asalin abin da yake ƙonawa. Giɓin nan ne 'yan kasuwa suka cike da farin seji daga Kalifoniya da itacen palo santo daga Peru da Ekwado.

3.0 Farin Seji

Wannan tsiro ba ya fitowa da kansa sai a kudancin Kalifoniya da arewa maso yammacin Meziko. Al'ummomin Chumash da Tongva da Kumeyaay da Cahuilla sun daɗe suna amfani da shi wajen magani da addu'a. Daga 1883 gwamnatin Amurka ta riƙa hukunta 'yan asalin ƙasar saboda ibadunsu, kuma sai a 1978 majalisa ta kafa dokar kare 'yancin addininsu. A nan ciwon yake. Abin da aka ɗaure kakanni a kansa jiya, shi ne yau ake sayar wa baƙo a leda.

Masu abin ba su yi shiru ba. A 1993 taron al'ummar Lakota, ɗaya daga cikin al'ummomin 'yan asalin Amurka, ya fitar da sanarwar yaƙi da masu cin kasuwa da ibadunsu. A 2018 kamfanin Pinrose ya shirya sayar da ƙunshin kayan sabon maye a kantunan Sephora kan dala 42, da farin seji da katunan duba a ciki. Suka ta yi yawa, aka janye shi. A shekarar kuma an kama mutum 4 da kusan kilo 180 na ganyen da suka tsinka ba bisa ƙa'ida ba a gandun North Etiwanda da ke Kalifoniya.

Wasu na cewa turara ganye gadon ɗan Adam ne baki ɗaya. Gaskiya ne, amma ba hayaƙin ake jayayya a kansa ba. Ana magana ne kan tsiro guda, da ibada mai masu ita da ransu, da ribar da ba ta isa gare su.

4.0 Matsayar Maƙala

Littafin da ke koyar da girmama ƙasa, sannan ya tura ɗan koyo a Landan sayen ganyen da aka sato daga dajin Kalifoniya, ya warware koyarwarsa da kansa. Turai ba ta rasa nata ba: mutanen Sikotilan suna da tsohuwar al'adar tsarkake gida da hayaƙin itacen junifa. Ya wajaba marubuta da maɗaba'u su riƙa bayyana asalin kowace ibada da suka sa a littafi, su kuma cire wadda masu ita suka ce a bar musu.