Oba-oba a Hanyar Fatauci: Abin da Shekaru Suka Koya Mana

'Yan'uwa mambobi, tunda ana shawarar saya wa direbobinmu oba-oba, ya dace a wannan biki na zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu mu waiwayi tarihi kafin mu taɓa asusu.

Dattawanmu ba su manta da shekarun 1990 ba, lokacin da zargina, wato 'yan kwanta-kwanta, suka addabi hanyar Ngaundere zuwa Garwa da ta Marwa zuwa Kusseri. Babu salula a lokacin. In mota ta bar tasha sai addu'a, labarin tare hanya kuma a bakin wanda ya tsira yake isowa gari. Oba-oba kuwa a hannun jandarmomi da sojoji muke ganin ta. A 1999 gwamnati ta kafa runduna ta musamman, wadda ta koma BIR a 2001, fashin ya ɗan lafa.

Da salula ta shigo wajen 2000, muka ɗauka magana ta ƙare. Sai ga shi a 2012 'yan Boko Haram sun ƙona turakun sabis a arewa maso gabashin Najeriya, a Mayun 2013 kuma hukuma ta katse layuka a Barno, Yobe da Adamawa. Mai kaya a Mubi ko Yola ya shafe makonni bai ji ɗuriyar yaransa ba. Nan muka gane cewa salula da ƙafar turke take tsayawa. Oba-oba ba ta neman turke ko kati: ka latsa, ka yi magana, duk wanda ke tasharku ya ji nan take.

Amma tana da iyaka. Zangonta 'yan kilomitoci ne a fili, duwatsu irin na Mandara kuma suna datse muryarta. Ba ta riƙe sirri, domin ɓarawo mai irinta zai saurare mu. Riƙe ta babu izinin hukuma, kamar ART a nan Kamaru, na iya jawo wa direba zargi a shingen bincike.

Saboda haka amfaninta na ayari ne. Kakanninmu fatake kan sa jagaba a gaba ya duba wa madugu hanya. Mu ma mu sa ɗaya a motar gaba, ɗaya a ta baya, da takardar izini da batirin ajiya, kuma kada a ambaci kuɗi ko masauki a cikinta. Allah Ya tsare mana hanya.