Zaɓen 'yan majalisar dokokin Tanzaniya na 1965

An yi wannan zaɓe ne a watan Satumba na 1965, bayan tsarin mulki ya bar TANU, jam'iyyar Shugaba Julius Nyerere, ita kaɗai a fagen siyasar yankin Tanganyika. Duk da haka jama'a sun sami abin zaɓa, domin a galibin mazaɓu jam'iyyar ta tsayar da mutum biyu su kara. Alamar ɗaya fartanya, ta ɗayan gida, don wanda bai yi karatu ba ya gane gwaninsa. Dandali ɗaya suke hawa, su yi jawabi da Sawahili, kuma an hana su neman ƙuri'a da sunan ƙabila ko addini. Talakawa kuwa ba su yi wasa da wannan dama ba: har ministan kuɗi, Paul Bomani, sai da ya sha kaye.